Shanun da Na Kashe da Sunan Baffa

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a mota ka buɗe ta ko sai ka sauka a Kalaba. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutum, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka yi bautar ƙasarka. Na ce wa Ummanka ta sa ta a ƙarƙashin ƙullin dambun nama, don na san nan hannunka zai fara kaiwa.

Ba zan ba ka labarin gida ba, yanzu ka baro shi. Kai ɗan fari ne, bakina bai saba doguwar magana da kai ba, kuma jiya da na gwada a zaure na ga kana ta "to, to" alhali idonka na kan waya. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, shi ba shi da kunya. Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa ɗayanku ba: ni ɗin nan da nake muku faɗa a kan wasan waya, na taɓa yin fiye da shekara ina wasan kwamfuta kusan kullum. Yi dariyarka ka gama, sannan ka ci gaba da karatu, domin a cikin wasan nan ne saura kaɗan ka rasa sunan da kake amsawa.

Ka san sunan da ke kan takardunka ba na iya kiran sa, sunan Baffa ne, mahaifina. Ka tarar da shi ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ba ka san shi a ƙarfinsa ba. Tun da Baffa ya fara kiwo a ƙasar Kiyawa ba a taɓa kai ƙararsa gaban mai gari a kan saniyarsa ta shiga gonar wani ba. Bayan girbi manoma ne suke zuwa da kansu su roƙe shi ya sauka a gonarsu ya bar musu taki. Lokacin da aka yi sabuwar jiha na shigo Dutse neman aiki, gari ya cika da ma'aikata, ɗaki ya yi wuya. Wani dattijo ya tambaye ni ɗan waye ni, na faɗa a kunyace, sai ya miƙo mini makulli bai ƙara tambayar komai ba. Na karɓa na shige abina, ban tsaya na tambayi kaina shekara nawa aka yi ana gina abin da ya buɗe mini ƙofar nan ba.

Na fara aiki da keken rubutu. Da aka kawo mana kwamfuta ofis sai aka lulluɓe ta da zane, kowa yana tsoron ya taɓa ta ta lalace a hannunsa. Ni na yi ƙarfin hali na koya. Bayan 'yan shekaru, a lokacin da ake ta hidimar ƙaddamar da shari'a, wani mutumin Taura mai suna Sunusi, wanda ya daɗe a Legas, ya dawo ya buɗe kafen intanet da wani ƙaton farantin kama intanet a kan rufi. Da farko ya sa labule tsakanin kujeru, sai 'yan hisba suka zo suka yi masa magana. Sunusi bai yi musu ba, ya cire labulayen, ya kuma juya kowane allo ya fuskanci ƙofa, ta yadda duk wanda ya tsaya a bakin shagon yana ganin abin da kowa yake yi. Ka riƙe wannan, zai dawo.

Shi Sunusi ne ya nuna mini wasan, wata Asabar da hantsi. Abba, har yau ban sami kalmar da zan kwatanta maka abin da na ji ba. Ku kun tashi kun tarar da irin waɗannan abubuwa a aljihunku, ba za ka gane ba. Ni kuwa da na san kwamfuta da buga takardar ofis kawai, sai ga ƙasa guda a cikinta, da duwatsu da koguna, da ciyawa tana kaɗawa, da wata biyu a sama ko da rana. Ka doshi dutsen da ka hango, ka yi ta tafiya har ka isa gindinsa, ka hau, ka hango wani a bayansa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da Sunusi ya ce mutanen da nake gani suna kai da kawowa, rabinsu mutane ne na gaske, kowa yana zaune a ƙasarsa a daidai wannan lokacin. Na ɗaga wa wani hannu, ya ɗago mini. Na yi ta tasbihi a zuci. Na ce wannan fa aikin ɗan Adam ne, wanda sauro ɗaya ke hana shi barci.

Kafin ka shiga sai ka zaɓi mutumin da zai wakilce ka. Akwai masu tsafi da masu kiran aljanu, na ce Allah ya kiyaye, na ɗauki wani dogo mai sanda da kwari da baka. Sai aka nuna gurbin suna. A ofis mun saba, duk takardar da za ka cike sunan mahaifi ake fara sawa, don haka yatsuna suka buga sunan Baffa tun kafin kaina ya yi tunani. Na danna. Sai ga mutumina tsaye a fili, sunan mahaifina yana yawo a saman kansa duk inda ya nufa. Na ce wa Sunusi a canza, ya ce ba a canzawa. Na ce to ba komai, ai wasa ne.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Duk inda aka miƙo maka wuri aka ce sa sunanka, ko takarda ce, ko ƙungiya, ko ɗan shiri na abokai da kake ganin na raha ne, ka dakata ka karanta, ka tambayi kanka ko za ka yarda a gan ka a nan bayan shekara goma. Hannu yana da sauri, ka riƙa sa shi ya jira kanka.

A ƙasar wasan akwai jama'a biyu da ba sa ga maciji. Sunayensu na Turanci ne, ni na raɗa musu namu: 'Yan Birni da Makiyaya. 'Yan Birni manoma ne da maƙera, suna da gari mai ganuwa, a tsakiyarsa wata hasumiya ta gilashi da ake hangowa daga ko'ina, rana na dukan ta tana sauya launi. Makiyaya kuwa suna can kan tudu da shanunsu, farare ƙal, manya, ƙahonsu yana haske. Kowace jama'a tana da ma'aunin da take auna ka da shi, wani ɗan layi ne a gefen allo. Idan sun ƙi ka ya yi ja, kai maƙiyi ne, masu gadi su far maka da mashi da zarar sun hango ka. Daga nan sai abin zargi, sai baƙo, sai sananne, can ƙarshe sai amintacce. Kowa baƙo yake farawa. Ƙofar birnin nan kuwa amintacce kaɗai ake buɗe wa, ni kuma na ɗora wa raina sai na ga abin da ke cikin hasumiyar.

Yadda ake hawa shi ne ka yi musu aiki. Wani manomi a bakin ganuwa ya ce kuraye sun dame shi, maƙeri ya ce a samo masa tama daga kogo, wata mata ta ce a kai wa ɗanta saƙo a ƙetaren kogi. Na duƙufa. Ina tashi daga ofis, in yi la'asar, in zauna har a kira magariba. Na kori kuraye, na haƙo tama na ajiye a ƙofar maƙera, na kai saƙo. Wata guda cur ina wannan bauta, layin nan ko motsi bai yi ba.

Akwai wani da muke yawan haɗuwa a hanya, mutuminsa gajere ne mai gatari, ya ce mini shi direban jirgin ƙasa ne a wata ƙasa mai sanyi. Mai Gatari nake ce masa. Da ɗan Turancina na ofis na kai masa kuka. Ya tambaye ni ko ina komawa wurin wanda ya sa ni aikin in ce na gama. Na ce a'a. Ya ce don me. Na ce na ga in ka koma suna miƙo maka lada, ni kuma a gidanmu idan ka taimaki mutum ba ka komawa ka tsaya masa a ka, kamar ka zo karɓar wani abu. Mutumin nan ya yi ta rubuto dariya har layi uku. Ya ce a wurinsu aikin da ba a koma an faɗa ba, ba a yi shi ba. Ranar na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina jin nauyi kamar suna ganina, na ce na gama, na karɓi abin da suka ba ni. Kafin magariba na tashi daga baƙo na koma sananne.

Na dawo gida ina tunanin ofishinmu. Shekara nawa ina gama aiki in ajiye a teburin shugabana in sulale, wani ya ɗauka ya shiga da shi, a yaba masa. Ina ganin kunya ce da kawaici, ashe wani ɓangaren wauta ne. Kunyarmu abu ne mai kyau, kada ka yar da ita, amma ka sani inda za ka ba su san ta ba, ba za su karanta shirunka yadda mutanen Kiyawa za su karanta ba. Idan an sa ka aiki ka gama, koma ka ce ka gama, a taƙaice, ba tare da cika baki ba. Idan an ba ka kyauta ta halal a kan aikinka, karɓi ka yi godiya. Sau da yawa mai bayarwa yana jin ciwon a mayar masa da hannu fiye da yadda kake zato.

Daga sananne zuwa amintacce tafiya ce mai nisa, ni kuma haƙurina ya fara ƙarewa. Kullum ina wucewa ta gindin ganuwa ina ɗaga kai. Na sake tambayar Mai Gatari ko akwai gajeriyar hanya. Ya ce akwai, kowa ma ita yake bi: 'Yan Birni suna ba da daraja mai yawa a kan kowane ƙahon saniyar Makiyaya da ka kawo musu. Ban ga laifinsa ba, gaskiyar wasan ya faɗa mini, bai san ɗan waye ni ba. Ni na sani. Amma sai na ce wa kaina ai zane ne, ba rai gare su ba.

Na shiga laɓewa a bayan duwatsu ina harbin shanun nan. In na harbi ɗaya ta durƙusa, hasken ƙahonta ya mutu, sauran su watse, in ruga in cire ƙahon kafin masu su su iso. Ranar farko raina bai so ba. Rana ta uku har na iya, na san wadda ta fi rauni a garke da inda ake barin 'yan maruƙa. Ilimin da Baffa ya koya mini don in tsare shanu, da shi na yi ta kashe su. Layin 'Yan Birni yana ta hawa, na Makiyaya yana ta sauka har ya yi jawur, ban ko kalle shi ba. Cikin mako uku na kusa ƙofar da nake nema.

A lokacin Ummanka tana da cikinka wata biyu. A gidanmu kaka ne yake zaɓa wa ɗan fari suna, kuma kowa ya san burina, in namiji ne a yi wa Baffa takwara. Inna, mahaifiyata, ta riga ta shaida mini cewa ya ji kuma ya yi murmushi.

Wata Laraba Baffa ya shigo Dutse a duba masa ido. Bai same ni a gida ba, Ummanka ta kwatanta masa shagon Sunusi, shi kuma ba ya zama jiran mutum, ya tako da sandarsa. Ban ji zuwansa ba. Na harbe wata babbar saniya ke nan, ina gudu da ƙahonta, Makiyaya suna bi na da sanduna, sai na ji muryarsa a bayana.

"Buba, shanun wa ne waɗannan?"

Na miƙe zumbur na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, amma idonsa na kan allo. Na ce masa wasa ne, ba na kowa ba ne, zane ne kawai aka yi. Ya matso ya sunkuya, ya daɗe yana kallo, na ga mamaki a fuskarsa irin wanda ni ma na yi ranar farko. Ya yaba kyan shanun, ya ce bai taɓa ganin irin wannan fari ba. Sannan ya tambaya, in ba na kowa ba ne, waɗancan masu sandunan me suke bi? 

Baffa bai yi boko ba. Kalma ɗaya tak ya iya karantawa, ni na koya masa ita a ƙasa da tsinke ina aji uku, don ya riƙa gane katin rigakafin shanunsa. Ya ɗaga sandarsa ya nuna saman kan mutumina, a hankali, bai taɓa gilashin ba.

"Wannan na san shi," in ji shi. "Kai ka koya mini."

Ya tambaye ni ko ni kaɗai nake ganin rubutun. Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce duk wanda ke cikin wasan yana gani. Ya ce su waye. Na ce mutane ne daga ƙasashe da yawa. Ya gyaɗa kai.

"Ashe a can ni ɓarawon shanu ne."

Bai ɗaga murya ba, ko Sunusi da ke kusa bai ji ba. Ya juya ya fita. Ya ƙi kwana, ya ƙi cin abincin da Ummanka ta dafa, ya hau mota ya koma Kiyawa tun rana ba ta faɗi ba. Bayan kwana biyu Inna ta aiko a gaya mini, Baffa ya ce in an sauka lafiya kuma namiji ne zai zaɓi wani sunan, domin ya ga yadda Buba ya riƙe wanda ke hannunsa. Abba, na yi kuka a ranar, ina magidanci, a bayan ofis inda ake ajiye tsofaffin kujeru.

Gajeriyar hanya za a nuna maka ita a can, ba sau ɗaya ba, kuma mai nuna maka ba lallai mugu ba ne, zai ce maka kowa ma haka yake yi. Ka duba ko a kan wa hanyar ta bi. Idan hawanka a wurin wasu sai ka taka waɗansu, to ka sani su ma waɗancan suna da nasu ma'aunin, yana nan yana aiki ko ba ka kalle shi ba. Kuma kada ka taɓa cewa wuri kaza ba a san ni ba. Ni a cikin kwamfuta nake, a wata ƙasa da ba ta kan taswira, mahaifina ya tako da ƙafa ya same ni.

Sunusi ya ce abin mai sauƙi ne, in goge mutumin in buɗe sabo da wani suna. Na dawo da murna na faɗa wa Ummanka. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in na goge, su waɗanda suka riga suka gani fa, da me za su riƙa tuna sunan? Ta ce tunda a gaban mutane na ɓata, in koma gabansu in gyara. Na ji haushin ta kwana biyu, saboda ta fi ni gaskiya.

Gyaran ya fi ƙarfin yadda na zata. Maƙiyi ba ya iya kusantar rugar Makiyaya, balle ya nemi aiki. Sau da dama ina matsawa in ji mashi, mutumina ya faɗi, in farfaɗo can nesa in sake takowa. Da ƙyar na gano wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a bakin wata rijiya, nesa da ruga, ita ce kawai take yarda ta yi magana da wanda aka ƙi. Aikinta kuwa ba na jarumai ba ne: ja ruwa ka cika kwami, ɗauko kanwa daga bakin tafki, nemo ɗan maraƙin da ya ɓata ka rako shi a hankali, in ka yi sauri ya tsaya ya ƙi tafiya. Kowane aiki in na koma na ce na gama, jan layin nan ya ragu da abin da bai kai kaurin zare ba.

Haka na yi wata shida. Sunusi yana wucewa ta bayana yana cewa, "Malam Buba, ka baro kiwo a Kiyawa ka zo kana yi a shagona." Ban kula shi ba. A wannan zaman ne na ga wani abu da ya girgiza ni. Wasan nan bai manta da saniya ko ɗaya ba, duk da babu wanda ya gan ni sa'ad da nake harbin wasu. Haka kuma bai manta da guga ko ɗaya da na ja ba. Na ce subhanallahi, mutane ne fa irina suka ƙera wannan, masu mantuwa, kuma ga shi ba ya mantuwa. To ina ga littafin da Ubangijinsu ya sa a rubuta? Wa'azi nawa na saurara a shekarun nan, gari cike da masu wa'azi, amma babu wanda ya shige ni kamar ɗan jan layin nan.

Akwai kuma farashin da ban lissafa ba. Duk taimakon da na yi wa Makiyaya, 'Yan Birni suna rage mini. Ina kallo darajar da na tara ta zube, daga bakin amintacce na dawo sananne, na dawo baƙo. Mai Gatari ya shiga birnin, ya rubuto mini cewa cikin hasumiyar ya fi wajenta kyau, wai akwai kogi da ke gudu sama. Ni ban taɓa gani ba har aka rufe wasan, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yau nakan yi tunanin kogin nan. Ba za ka sami yardar kowa ba, Abba. Wata ƙofar za ta rufe saboda ka tsaya inda ya kamata ka tsaya, kuma za ta yi maka ciwo. Ka bar ta ta rufe.

Saura kwanaki Ummanka ta sauka, layin Makiyaya ya riga ya bar ja har ya haura baƙo. Ban kai amintacce ba, ko kusa, iyakata sananne. Na hau mota na tafi Kiyawa. Duk watannin nan ina zuwa gaisuwa, Baffa yana amsawa, amma ya daina cewa in zo mu zaga garke. Na durƙusa na roƙe shi ya biyo ni Dutse sau ɗaya. Ya ce idonsa ba ya son hasken abin nan. Inna ta sa baki, ya tashi ya ɗauki sandarsa.

Sunusi ya ba shi kujerarsa. Na ja mutumina muka hau tudu, muka wuce rijiyar tsohuwa, muka doshi ruga. Masu gadi biyu suna tsaye da masu. Ni kaina ban taɓa wuce wurin nan da rai ba. Muka matso. Sai suka sauke masun, suka buɗe hanya, rubutu ya fito a saman kan ɗayansu. Baffa ya ce me ya ce. Na fassara masa: ya kira sunan, ya ce barka da zuwa, ruwanmu ruwanka ne.

Baffa ya gyara zama, ya dubi mai gadin nan sosai, ya amsa masa da murya kamar yadda zai amsa wa baƙo a ƙofar rugarsa.

"Jam, lafiya lau. Mun same ku lafiya?"

Babu wanda ya yi dariya a shagon. Muka shiga, sai ga garken gaba ɗaya yana gangarowa kogi, ɗaruruwa, ƙahonin suna haske a kan ruwa, wata biyu a sama. Ni da na yi wata shida a bakin rijiya ban san haka cikin yake ba. Baffa ya yi ta kallo yana girgiza kai yana ambaton Allah. Ya nuna wata da ke gaba ya ce waccan ce uwar garke, dubi yadda sauran suke jiran ta ta fara sa ƙafa. Ya ce wanda ya zana wannan ya taɓa bin shanu, ko kuma ya zauna da wanda ya bi. Sannan ya tambaye ni nawa na kashe. Na faɗa masa. Ya tambayi 'yan maruƙa nawa na mayar. Na faɗa masa, sun ninka. Ranar ya kwana a gidanmu, ya ci tuwon Ummanka har ya nemi ƙari.

Ranar sunanka da safe, bayan an raba goro, liman ya sunkuya Baffa ya raɗa masa a kunne. Ni ina can gefe, kaina a ƙasa, ban san me zai fito ba. Da liman ya ɗaga murya ya faɗa, sai na ji sunan da ba na iya kira. Ban iya ɗagowa ba har aka shafa fatiha. Da mutane suka watse Baffa ya wuce ta gabana, ya ɗan tsaya, ya ce, "Wannan ba a gogewa a buɗe sabo." Ashe Sunusi ya ba shi labari.

Ban ƙara daɗewa a wasan ba, kai ka zo ka cika mini hannu. Bayan wasu shekaru aka rufe shi, Sunusi ya sayar da farantinsa ya koma sayar da waya. Baffa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Manoman da suka san shi suna ta ƙarewa. Yanzu sunan nan a saman kai ɗaya kawai yake yawo, kuma gobe zai sauka a garin da ba wanda ya taɓa jin sa. Baƙo za ka fara, kamar kowa. Babu dattijon da zai miƙo maka makulli don an ce ɗan wane ne. Abin da mutanen can za su riƙa ji idan an ambaci sunan mahaifina, kai za ka koya musu shi, da 'yan ƙananan ayyukan da ba wanda yake tafa wa.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka gaida manya ko ba addininku ɗaya ba, ka ci abin da ya halatta ka yaba wa mai dafawa. Ummanka tana gaishe ka, ta ce kada dambun ya ƙare a mota. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka gama lafiya, ya dawo mana da kai cikin aminci.

Abu ɗaya nake roƙon ka. Ranar da ka ga mutanen can sun fara kiran sunan nan da fara'a, sun matsa maka wuri ka zauna, kada ka yi irin kunyata ka yi shiru. Ka kira ni ka ce ka gama. Ni ba zan iya maimaita sunan ba, amma ina so in ji yadda yake fita a bakinsu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Buba.